BA KULLUM GONA KE DA LAIFI BA

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, kodayake in kun daure kun karanta za ku tarar da ita a ciki. Magana ce mai nauyi wadda na daɗe ina juya ta a raina, kunya tana hana ni ɗaukar biro, har sai da na tuna Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na nemi izinin wadda abin ya faru a kanta, ta ce in rubuta, amma kada in kama sunan kowa. To ba zan kama ba.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. An ɗaura mata aure a garinmu Damari da ke gabashin ƙasar Birnin Gwari a shekarar 2016, lokacin ina aji biyu a ƙaramar sakandare. Auren so ne, domin kuwa ni ce 'yar aikensu, na sha cin alawa a dalilin wannan soyayya. Mijin nata, wanda zan riƙa kira Malam kamar yadda ita take kiransa, manomin masara ne irin na gaske, in rani ya yi kuma ya bi samari wajen haƙar zinare. Mutum ne mai haƙuri da sakin hannu. Aibinsa ɗaya da kowa ya sani shi ne taba sigari, wadda yake laɓewa bayan rumbu ya sha don kada Innarsa ta gani.

Ba a rufa shekara ba Yaya ta samu ciki. Wata biyu da 'yan kwanaki sai jini ya ɓalle, cikin ya zube. Aka ce ba komai, na fari ne, Allah Ya kawo mai amfani. Na biyu ma haka. Da na uku ya bi sahu sai fuskoki suka fara sauyawa. Wannan ta ce mahaifarta ce ba ta riƙe ciki, waccan ta ce namijin dare ne ya aure ta, wata kuma a gidan suna, a gaban jama'a, ta karɓe jariri daga hannunta tana cewa wai kada ta shafa masa. Allah Sarki! Ranar da dare ina jin Yaya tana kuka a ɗakin mahaifiyarmu, ta tura bakin zane a baki don kada a ji.

Babu abin da baiwar Allahn nan ba ta sha ba. Rubutu, jiƙo, sassaƙe mai ɗaci kamar maɗaci, hayaƙi har idanunta suka yi jawur. Amma wallahi a duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin an miƙa wa Malam ko cokali ɗaya ba. Ni kaina ban taɓa kawo shi a raina ba. Wa zai kawo? Ai ciki a jikin mace yake, daga jikinta kuma yake fita.

A 2020 Inna ta matsa, Malam ya ƙara aure. Amarya yarinya ce ɗanya shakaf, ba da jimawa ba ta samu ciki, aka yi ta guɗa a tsakar gida kamar an riga an haihu. Yana shiga wata na uku ya zube. To kun san me aka ce? Ba a ce kai, mata biyu, miji ɗaya, ciwo iri ɗaya, bari mu duba abin da ya haɗa su ba. Cewa aka yi uwargida ce ta yi mata asiri. Laifi tudu ne. Wadda jiya ake kira mai ɓari, yau ta koma mai shiga malamai, har ta kai amarya ba ta cin abincin da Yaya ta dafa.

Ana cikin haka sai babbar musiba ta faɗo wa garin baki ɗaya. A watan Yuli na 2022, tsakiyar damina, masara ta yi kore shar, hare-haren 'yan bindiga suka sa mutanen Damari suka yi ta ficewa, kowa da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Mu Zariya muka nufa. Malam ya kama ɗakuna biyu a bayan gari, manomin da ke cika rumbuna ya koma sayen masara a mudu. A can ne Yaya ta yi ɓari na huɗu, wannan karon jinin ya ƙi tsayawa, muka kwashe ta cikin dare zuwa wani asibiti aka yi mata wankin ciki.

Da safe wata likita ta zo zagaye, mace ce mai 'yar ƙiba da farin gilashi. Tana tambaya tana rubutu. Na nawa ke nan? Yaya ta ce na huɗu. A wata nawa suke zubewa? Biyu zuwa uku. Kina da abokiyar zama? Ta ce e. Ita ta haihu? Yaya ta girgiza kai ta ce ita ma sau biyu tana ɓari. Sai na ga likitar ta ajiye biro ta cire gilashi.

"Ina maigidan?" in ji ta.

Na ce yana waje, ya je sayo magani. Ta ce, "In ya dawo ki ce ina son ganinsa. Za mu yi wa yayarki duk gwajin da ya kamata, amma shi ma sai an duba shi."

Tirƙashi! Da aka faɗa wa Malam sai ya miƙe tsaye. "Ni? Ni da na yi ciki shida? Ai ko makaho ya shafa ya san lafiyata ƙalau." Kuma kada ku ga laifinsa da yawa, haka akasarin mazanmu suka ɗauka, in dai namiji yana iya sauke haƙƙin iyalinsa to ba shi da sauran tambaya. Alhali ƙarfin namiji daban, ingancin abin da yake fitarwa daban. Sati uku yana zillewa. Abin da ya karya shi, wata rana ya shigo ya tarar da matansa biyu, waɗanda suka shekara biyu ba sa haɗa ido, zaune kan tabarma ɗaya. Yaya ce ta kira amarya ta faɗa mata abin da likita ta ce. Amarya ta dube shi ta ce, "Malam, mu mun sha namu ɗacin. Saura kai."

Ya je. Aka auna maniyyinsa, sakamako ya fito, adadin ƙwayoyin ya kai, suna kuma motsi daidai gwargwado. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa iyakar ƙasa a ƙwaya miliyan 16 cikin kowace mililita, wato kashi ɗaya cikin biyar na cokalin shayi, shi kuwa nasa ya haura haka. Malam ya shigo ofishin likita yana kaɗa takarda, bakinsa har kunne. Ina wurin, domin ni ce mai riƙe wa Yaya kati.

Likitar ta karanta ta yi murmushi ta ce, "Malam, an ce kai manomi ne. In ka auna irin masara mudu goma cif, ƙwayar ta yi ɓul-ɓul a ido, wannan ya nuna duk za ta yi?"

Ya ce, "A'a likita. Wani irin in ya sha zafi a ajiya, ko ƙwaro ya taɓa cikinsa, sai ya tsiro ya yi ganye biyu ya ƙone."

"In ya ƙone, gonar kake zagi?"

Malam ya yi shiru, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Daga baya na koma wurin likitar nan har sau uku da littafina na rubutu, na ce mata ni marubuciya ce, so nake in fahimci abin sosai. Ta yi mini bayani, ta kuma nuna mini abin da zan karanta a waya, wata ƙawata mai karatun jinya tana warware mini inda Turancin ya yi tsauri. Ga abin da na tsinta.

A cikin kan kowace ƙwayar maniyyi akwai wani siririn zare a nannaɗe, shi ne likitoci ke kira DNA. A jikinsa aka rubuta rabin bayanin halittar ɗan da za a haifa, ɗaya rabin kuma yana cikin ƙwan mace. Af, tun da mun zo nan bari in faɗa muku, ko mace za a haifa ko namiji, daga ƙwayar uba abin yake fitowa, don haka masu yi wa mace gorin haihuwar 'ya'ya mata sai su sake lale. To shi wannan zare yana iya tsintsinkewa. Ƙwayar tana nan da kanta da jelarta, tana iyo kamar kowa, madubin likita na yau da kullum ba zai ga komai ba, amma saƙon da ta ɗauko a yage yake. Ita ƙwayar namiji in ta gama girma ba ta iya gyara kanta. Ƙwan mace ne, ikon Allah, yake ɗinke ɓarakar bayan sun haɗu, kuma ƙwan mace mai ƙuruciya ya fi iya wannan ɗinki. In yagewar ta fi ƙarfin ɗinki, ko dai cikin ya ƙi shiga, ko ya shiga ya tsaya da girma bayan 'yan makonni. Kun ga ke nan mace tana can tana rufa wa miji asiri tun daga cikin mahaifa, ita ba ta sani ba, shi bai sani ba, in abin ya gagara kuma ita ce mai shan zagi.

Ba yau aka fara gano haka ba. Tun a 1980 wani masani a Amurka, Donald Evenson, ya fito da hanyar auna wannan lalacewa. A 2012 wasu likitoci a Ingila suka tattara bincike 16 da aka yi a kan ma'aurata 2,969, suka ga matan da mazansu ke da lalacewar zaren da yawa sun ninka sauran yawan yin ɓari har sau biyu da ɗoriya. A 2019 kuma Dakta Channa Jayasena da abokan aikinsa na Imperial College a Landan suka auna maza 50 waɗanda matansu suka yi ɓari sau uku ko fiye a jere, suka gwada su da wasu maza 60. Lalacewar zaren a wurin rukunin farko ta ninka ta na biyun sau biyu. Suka kuma tarar maniyyinsu ya ninka sau huɗu wajen yawan wasu sinadarai masu cin ƙwaya kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe.

Me ke kawo wannan tsatsa? Da likitar ta fara lissafi sai na ga kamar tarihin Malam take karantawa. Taba sigari tana gaba. Sai zafi, domin Allah Ya rataye 'ya'yan maraina a waje ne saboda sun fi son sanyi kaɗan fiye da sauran jiki, shi ya sa zazzaɓi mai zafi ko aiki a bakin wuta kullum yake taɓa su. Sai ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba, da ciwon suga, da ƙiba, da yawan shekaru. Sai maganin feshi. Duk wadda ta tashi a ƙauye ta san yadda mazanmu ke goya tankin feshi da 'yar singileti, babu safar hannu babu abin rufe hanci, maganin yana zuba a gadon baya, in an gama a wanke hannu sama-sama a ci tuwo. Sai gubar dalma, wadda a wasu wurare take fitowa tare da dutsen zinare. Ita ce ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, a jikin babban mutum kuwa tana cikin abubuwan da ke raunana maniyyi. Akwai kuma kumburin jijiyoyin jini na maraina, barikosil a bakin likitoci, wanda ke tara jini ya ɗumama wurin. Da wani likita namiji ya duba Malam, shi ya samu a gefen hagu. Shekara da shekaru yana jin nauyi a wurin in ya daɗe a tsaye, ya ɗauka gajiyar noma ce.

Kada wata ta karanta wannan ta tafi ta tsare mijin yayarta da ido. Likitar ta ja mini kunne a nan. Kusan rabin ɓarin farkon ciki kuskure ne da ke faruwa wajen haɗuwar halitta, ba laifin kowa ba ne, kuma yawancin matan da suka yi ɓari sau ɗaya suna haihuwa lafiya daga baya. Mace ma tana da nata: zazzaɓin cizon sauro, suga, ciwon maƙoƙo, yanayin mahaifa, toshewar hanyar ƙwai. Abin da aka sani shi ne a cikin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, kusan rabi akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Kuma ba mu kaɗai ba ne, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum ɗaya cikin shida a duniya yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Shi kansa gwajin zaren ba kowa ake yi wa ba. Ƙungiyoyin likitocin haihuwa na Amurka sun ce a 2020 kada a fara da shi, amma a duba yiwuwarsa in ɓari ya yi ta maimaituwa.

Na tambaye ta batun dashen ƙwai da ake ce wa IVF, wanda muke ji a bakin matan masu kuɗi, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji sannan a mayar cikin mahaifa. Jaririyar farko da aka samu ta haka, Louise Brown, an haife ta a Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978. A 1980 muftin Masar, Shehu Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawar halascinsa matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma da aure a tsakaninsu. A 1992 likitoci a Beljiyam suka ƙara gaba, suka riƙa ɗaukar ƙwaya ɗaya tak da siririyar allura su tura ta cikin ƙwai, wannan ya taimaki maza masu ƙarancin ƙwaya ƙwarai. Mu ma nan gida, a 1998 an haifi jaririya ta wannan hanya ta dashe a asibitin Nisa da ke Abuja, a hannun Dakta Ibrahim Wada.

Amma fa allura tana kai ƙwaya cikin ƙwai ne kawai, ba ta ɗinke abin da ya yage. Mai zaɓen ƙwayar da ido yake zaɓa, ga kyau ga motsi, bai san me ke ciki ba, kamar dai zaɓen miji a dandali. Shi ya sa aka yi wani babban gwaji a asibitoci 16 na Birtaniya da ma'aurata 2,772, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2019. An gwada wata dabara ta tace ƙwayoyin da suka fi nuna kafin a yi allurar. Waɗanda suka haifi ɗa cikakken wata tara: kashi 27 cikin 100 da sabuwar dabara, kashi 25 da tsohuwa, bambancin da masanan suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba. Ɓari dai ya ragu, daga 7 cikin 100 zuwa 4. Ku lura da wannan lissafi da kyau, a ƙasar da take da kayan aiki ke nan, cikin huɗu uku sun koma gida hannu rabbana a wannan zagaye. A nan kuwa zagaye ɗaya miliyoyin naira ne. Ina ɗan gudun hijira mai sayen masara a mudu zai gan su?

Haka batun ƙwayoyin bitamin da ake tallatawa wai suna wanke maniyyi. An gwada su a Amurka a kan maza 174, rabi aka ba su na gaske rabi na bogi, sakamakon da ya fito a 2020 bai nuna sun gyara zaren ko sun ƙara haihuwa ba. To in na kanti mai lamba ke nan, ina ga na mai lasifika a bakin tasha, wanda kwalba ɗaya take maganin basir da sanyi da rashin haihuwa da baƙin jini?

Abin da ya sanyaya mini rai shi ne wannan. Mace da ƙwayayenta ake haihuwarta, amma namiji kullum sababbi yake ƙerawa, kowace ƙwaya tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta kammala. Ke nan in ya bar abin da ke cutar da shi, bayan wata uku wani sabon iri ne a rumbun. Likita ba ta tura Malam gwajin zaren ba, ta ce sai an je manyan asibitocin kuɗi, kuma ko an yi ko ba a yi ba abin da za ta ce ya gyara ɗaya ne. Ya bar taba, da ƙyar da jiɓin goshi, goro ya maye gurbinta. Aka ba su maganin sanyi su uku a lokaci guda. Ya yi alkawarin ba zai ƙara feshi ba sai da riga mai dogon hannu da takalmi da abin rufe hanci, ya yi wanka da sabulu kafin ya taɓa abinci. A farkon 2024 ya sayar da babur ɗinsa aka yi masa aikin jijiyar. Yaya ce ta kwana a gefen gadonsa, amarya tana kawo kunu.

Bayan sulhun da gwamnatin Kaduna ta yi a ƙarshen 2024, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, Malam ya fara komawa gona, iyali dai suna Zariya tukuna. Yanzu da nake wannan rubutu Yaya tana da ciki wata shida, ba ta taɓa kaiwa ko huɗu ba a da. Na ruga wurin likita da murna na ce aikin ne ya yi, ta ce ita ba za ta rantse ba, ko aikin ne, ko tabar ce, ko maganin sanyin, ko kuwa lokaci ne ya yi, mu dai ci gaba da zuwa awo da addu'a. Amarya har yanzu shiru, wani lokaci nakan ga ta yi tagumi tana kallon cikin Yaya, sai ta tashi ta karɓe mata tsintsiya. Ita kuwa Yaya ko wando ɗaya na jariri ta hana a saya, in na yi maganar suna sai ta ce in rufa mata asiri.

Inna ba ta san an yi wa ɗanta aiki ba, an ce mata tafiya ya yi. Sai a watan jiya da ta zo daga wurin ƙaninsa, ta kwance ƙullin kayanta ta fito da wata jarka cike da jiƙo ta tura gaban amarya, ta ce a sha safe da yamma. Malam yana zaune bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Inna, don Allah a bar yaran nan haka. Ni aka duba, ni aka samu da matsala, ni aka yi wa aiki. Shekara tara ana ɗora wa baiwar Allahn nan abin da ba ta ji ba ba ta gani ba, ina kallo. Ki yafe mini, ita ma na roƙe ta."

Tsakar gidan ya yi tsit, har kukan kajin maƙwabta muna ji. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska. Inna ta dubi ɗanta, ta dubi cikin Yaya, ta dubi amarya, bakinta yana motsi ba ta ce komai ba. Can sai ta sunkuya ta jawo jarkar nan daga gaban amarya, ta tura ta gaban Malam.

"To ai sai ka shanye," in ji ta, "kuɗi na sa na saya."